Shinkafarmu ta gaisa da 'yar'uwarta a Magada

Ranar da maganar kuɗin da muke zubarwa wajen rabon kaya ta fara damuna ina Magada ne a arewacin Kamaru, mahaɗar nan da hanyar Kayele da Yagwa ke rabuwa da babban titin Garwa zuwa Marwa, muna jiran mai faci ya gama mana taya. Sai ga kamyon ɗinmu ya sauko daga wajen Marwa cike da shinkafa, ya tsaya direban zai sha shayi kafin ya karya kwana ya shiga Kayele. Bai gama kofin ba sai ga wani kamyon ɗin, shi ma namu, ya taho daga Garwa ya miƙe arewa zai tafi Kusiri, shinkafa iri ɗaya, buhu iri ɗaya, tambari ɗaya. Direbobin suka danna wa juna hon suna ɗaga hannu, ni kuwa ina tsaye ina kallon wata shinkafa tana komawa kudu wata tana hawa arewa a titi guda, kuma gazuwal ɗin duka biyun daga aljihu ɗaya yake fita.

Ni ke riƙe wa kawuna littafin lissafi, sari yake yi na shinkafa da sukari da man girki, yana da magazen, wato ɗakin ajiyar kaya, a Garwa da wani a Marwa. Abin da ya faru ranar ba wanda za a ce ya yi laifi. Mai shagon Kayele ya kira da safe yana son buhu 300, aka duba wane magazen ne ya fi kusa da shi, Marwa ce, aka loda masa. Da azahar na Kusiri ya kira shi ma 300 yake so, to Marwa ta riga ta zama wayam, dole aka ɗebo daga Garwa. Kowace shawara in ka ɗauke ta ita kaɗai daidai take, a haɗuwarsu ne kuɗin ya zube, kuma irin wannan asara ba ta fitowa a littafi dan ba wani layi da ake rubuta mata, riba ce kawai zaka ga ta yi ƙasa a ƙarshen wata ka rasa dalili, sai a ɗora wa tsadar mai.

Bari in sa lambobi a gani. Misali ne kawai na zagaye su dan lissafin ya yi sauƙi, kowa ya sa nasa. A ce buhu ɗaya daga Marwa zuwa Kayele sefa 400 ne, daga Garwa zuwa Kayele 800, daga Marwa zuwa Kusiri 1,300, daga Garwa zuwa Kusiri 2,200, kuma kowane magazen yana da buhu 300. Yadda muka yi ranar: 300 sau 400 ya ba da 120,000, 300 sau 2,200 ya ba da 660,000, jimla 780,000. Da Garwa ce ta ba Kayele, Marwa ta ba Kusiri, 240,000 ne da 390,000, jimla 630,000. Bambancin sefa 150,000 kenan a yini guda, kaya ɗaya, masu saye ɗaya, motoci ɗaya.

Da na kai wa Kawu takardar ya duba ya ce, "Kai yaro, kana nufin in bar hanyar ɗari huɗu in bi ta ɗari takwas, ka ce min wai na yi riba?" Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, ai buhun Marwa ne ke da tsada a wajenmu, in muka kashe shi a Kayele ɗari huɗu ya cece mu, in muka kai shi Kusiri ɗari tara ya cece mu." Ya yi shiru yana juya carbi, can ya ce to in ƙara duba masa na watan jiya gaba ɗaya.

Wannan da na faɗa wa Kawu shi ne zuciyar wani fannin lissafi da manyan kamfanonin rarraba kaya ke aiki da shi, ni ina kiransa lissafin kwararar kaya a kan ragar hanyoyi. Ka zana garuruwan da kake hulɗa da su kamar ƙulli-ƙullin raga, hanyoyin da ke tsakaninsu su ne zaren. A kowane ƙulli ka rubuta abin da yake da shi ko abin da yake buƙata, wani kuma ba ya bayarwa ba ya karɓa, wucewa kawai kaya ke yi ta cikinsa, kamar tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare inda layin dogon Camrail ya ƙare ake juye kayan Duwala cikin manyan motoci. A kan kowane zare kuma lamba biyu ake rubutawa, nawa ne kuɗin wucewar buhu ɗaya, da kuma buhu nawa hanyar za ta iya ɗauka a sati. Doka ɗaya ce ke riƙe da komai, abin da ya shiga ƙulli dole ya fita ko a sayar da shi a nan, buhu ba ya ɓacewa ba ya haihuwa. Sai a tambaya: buhu nawa za a tura ta kowane zare yadda kowa zai samu nasa, jimlar kuɗin kuma ta zama mafi ƙanƙanta?

Mutane suna jin kwamfuta sai su ɗauka wani siddabaru take yi, alhali dabarar da take bi mai shago ma zai iya binta da biro. Ka fara da kowane tsari da ke aiki ko da mai tsada ne, sai ka ɗauki buhu ɗaya tak ka zagaya da shi. A namu misalin, in Kayele ta karɓi buhu ɗaya daga Garwa maimakon Marwa an ƙara 400, amma yanzu Marwa ta samu rarar buhu ɗaya da za ta tura Kusiri a madadin na Garwa, an rage 900. Zagayen ya rufe, kowa ya samu adadinsa, an tsira da 500. Tunda buhu ɗaya ya ba da riba sai ka ci gaba da turawa ta wannan zagayen har wani abu ya tsayar da kai, ko magazen ya ƙare ko hanya ta cika, sannan ka nemi wani zagayen. Ranar da ka duba duk ragar ka rasa zagaye ko ɗaya da zai rage kuɗi to ka kai ƙarshe, kuma masana lissafi sun tabbatar da hujja cewa babu wani tsari da ya fi wannan arha, wannan tabbacin shi ne abin da ya fi burge ni, dan gwaji da hasashe ba sa taɓa ba ka shi. Magazen biyu da masu saye biyu kai ma ka iya a ka. Amma magazen 3 da shaguna 20 hanyoyi 60 ne, zagayen da ke cikinsu ba mai iya binsu duka da ka, nan ne kwamfuta ke da amfani. Wani daɗin kuma, in lambobin da ka shigar na buhuna cikakku ne amsar ma cikakkun buhuna take fitowa, ba za ta ce ka kai wa wani buhu goma da rabi ba.

Abin ya daɗe fa. Tun 1781 wani Bafaranshe, Gaspard Monge, ya yi rubutu kan yadda za a kwashe ƙasa daga inda aka haƙa zuwa inda za a cike da mafi ƙarancin wahala. A 1939 Leonid Kantorovich na Tarayyar Sobiyet ya fitar da hanyar warware irin waɗannan matsaloli bayan masu masana'antar katako a Leningrad sun kawo masa tambaya kan rabon aiki tsakanin injinansu, ya kuma samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1975 tare da Tjalling Koopmans, wanda shi kan jiragen ruwan dakon kaya ya yi aiki lokacin yaƙin duniya na biyu. A Amurka Frank Hitchcock ya rubuta matsalar masana'antu da garuruwa a 1941 kusan yadda na zana ta a sama, George Dantzig kuma ya kawo hanyar simplex a 1947 wadda har yau ita ke cikin yawancin manhajojin.

Yanzu ga wurin da nake ganin ɗan kasuwa zai fi cin moriya, kuma ba a cika maganarsa ba. Bayan tsarin da lissafin ke ba ka, yana kuma gaya maka darajar buhu a kowane wuri. Mu canza misalin kaɗan, a ce Marwa 200 take da shi Garwa 400. Mafi arha shi ne duka 200 na Marwa su tafi Kusiri, Garwa ta cika sauran 100, ta kuma ba Kayele 300, jimla 720,000. To da a ce buhu ɗaya daga cikin na Garwa a Marwa yake zaune, da an rage 900. Kaga yanzu in mai kamyon da ke kawo mana kaya daga Ngaundare ya ce zai zarce da su Marwa a ƙara masa 600 kan buhu, na san in karɓa da gudu, in ya ce 1,000 na san in ce a sauke a Garwa. Kuma wannan 900 ɗin yana da iyaka, da zarar Marwa ta kai 300 Kusiri ta ƙoshi, buhun da ya biyo baya Kayele zai je, 400 kawai zai cece mu, ƙarin 600 ya zama asara. Wato a mota guda buhu 100 na farko sun cancanci zarcewa, na 101 bai cancanta ba. Da irin wannan lambar ake sanin ko hayar ƙarin magazen a Marwa za ta biya kanta, kuma da ita mutum ke zama teburin ciniki da mai mota ya san inda zai tsaya.

Sai maganar maƙogwaro, wato wurin da ragar ta fi ƙunci. A 1955 wasu Amurkawa biyu, Harris da Ross, sun zana layin dogon Sobiyet da gabashin Turai a matsayin raga mai ƙulli 44 da zare 105, abin da suke nema shi ne wuraren da in aka datse komai zai tsaya, aikin soja ne. Daga nan Ford da Fulkerson suka tabbatar a 1956 cewa iyakar abin da zai iya wucewa daga wani wuri zuwa wani daidai yake da faɗin mafi ƙuncin wurin da za a iya yanke ragar gida biyu. Mu nan ba ma buƙatar a fassara mana wannan, a cikinsa muke rayuwa. Kayan Njamena da suka biyo ta Kusiri duk sai sun taka gadar Ngeli kan kogin Logon, kafin nan kuma sai sun sha hanyar Mora, Waza, Dabanga wadda duk direba ya san abin da take yi wa mota, ga kuma shekarun da rashin tsaro ya sa ake jiran rakiyar sojoji. Lokacin da gadar Palar ta Marwa ta karye a daminar 2020 an ga yadda wuri ɗaya ke riƙe da kasuwar yanki guda. Shi ya sa manyan motocin Cadi da yawa suke yankewa tun daga Ngaundare ta Tuboro zuwa Mundu, yanzu kuma ga sabuwar gadar Yagwa da Bongor ta ƙara wani zare a ragar. Darasin da ɗan kasuwa zai ɗauka shi ne in maƙogwaronka wuri kaza ne, ƙara mota ko magazen a wani wurin ba zai ƙara maka ko buhu ɗaya da ya isa hannun mai saye ba. Mu mun taɓa tunanin ƙara kamyon, da muka zana sai muka ga abin da ke tsayar da mu masu lodi ne a magazen ɗin Garwa, ƙofa ɗaya ce kuma mota ɗaya take ɗauka a lokaci guda, motocin da muke da su ma layi suke yi.

To amma gaskiyar magana, kuma nan ne na fi shan wahala, duk wannan lissafin bai fi ingancin lambobin da ka ba shi ba. Wannan 2,200 da na rubuta a layi ɗaya, sanin ta na gaskiya ya ci min wata uku. In ka tambayi direba nawa ne zuwa Kusiri kuɗin gazuwal zai faɗa maka da kuɗin hanyarsa, shi ke nan. Gazuwal ɗin ma ba ya zama wuri ɗaya, lita ta tashi daga 575 zuwa 720 a Fabrairun 2023, ta sake hawa 828 a Fabrairun 2024, duk teburin da aka rubuta kafin nan ya zama tsohon zance. Bayan mai akwai peyaj, wato kuɗin wucewa a titi, 500 kowace ƙofa, akwai ma'aunin nauyi in an yi lodi fiye da ƙima, akwai ɗan abin da ake miƙawa a shingaye wanda ba ya da rasit amma yana fita daga aljihu, akwai 'yan dako a lodi da 'yan dako a sauke, kuma duk buhun da ya kwana a magazen na tsakiya sau biyu ake biya masa dako. Akwai taya da sifirin da hanyar ke ci, wanda ba yau zaka biya ba sai bayan wata biyu a gareji, dan haka ba wanda ke danganta shi da tafiyar da ta jawo shi. Akwai buhun da ya fashe, da wanda ruwa ya taɓa saboda tampol ya tsufa. Akwai kuma kwana, motar da ta yi kwana huɗu a hanyar kwana ɗaya ta hana ka tafiya biyu, kuɗin kayan da ke kanta kuma a daskare yake ba ya juyawa. Na zauna da direbobinmu ɗaya bayan ɗaya, babban cikinsu da farko ya ɗauka bincikensa nake, sai da na ce, "Baba, wallahi ba kuɗinku nake bi ba, hanyar nake son sani, kai ka fi kowa saninta," sannan ya saki jiki ya fara lissafa min wuraren da yake rage gudu da inda taya ke mutuwa, ya ma gyara min lamba biyu da na yi kuskure.

Kuma tebur ɗaya ba ya isa. Hanyar da take 1,300 a watan Fabrairu ba ita ba ce a Agusta da Satumba lokacin da mayo-mayo, wato rafuka, suka cika, hanyoyin ƙasa suka zama taɓo, wasu ma a rufe su wa manyan motoci. Mu biyu muke da su, na rani da na damina, a na damina wasu zaren gaba ɗaya nake goge su.

Akwai abubuwan da wannan lissafin a siffarsa mai sauƙi ba ya kamawa, gara a sani tun wuri. Yana ɗauka kuɗi na hawa daidai da yawan buhu, alhali kamyon da ya ɗauki buhu 100 kusan kuɗinsa ɗaya da wanda ya ɗauki 300, dan haka wani lokacin zai ce ka aika buhu 40 wani gari kai kuma ka san ba motar da za ta tashi dan 40. Akwai lissafin da ya fi wannan nauyi da ke ƙirga mota-mota, ni dai abin da nake yi shi ne in zagaye amsar zuwa cikakkiyar mota in sake duba jimlar. Sai dawowa. Motar da ta kai shinkafa arewa in ta dawo wayam ka biya tafiya biyu, in ta samu albasa ko gyaɗa ko wake da za ta sauko da su kudu rabin kuɗin ya sauka daga kanka, kuma wannan na iya juya amsar gaba ɗaya, hanyar da ta fi tsada a takarda ta zama ita ce mai arha a lokacin kakar albasa. Wannan ana iya sa shi a ragar in mutum ya san yana da lodin dawowa tabbas, matsalar ita ce sau da yawa sai an je tasha ake sani.

Game da kayan aiki kuwa ba sai an sayi komai mai tsada ba. Excel yana da wani sashe mai suna Solver da ake kunnawa, LibreOffice na kyauta shi ma yana da irinsa, ka zana tebur magazen a gefe masu saye a sama, tebur na biyu na adadin buhuna ka bar shi wayam, ka gaya masa jimlar kuɗi kake so ta ragu, kowane magazen kada ya wuce abin da yake da shi, kowane mai saye ya samu nasa. Ƙiftawar ido ya gama. Masu harkar da ta fi haka girma akwai OR-Tools na Google, kyauta ne amma sai da wanda ya iya rubuta manhaja. Abin da ya fi kwamfutar canza mana aiki ma wani ƙaramin abu ne, mun daina lodi da zarar an kira waya, muna tara odar yini har la'asar sannan a raba gaba ɗaya, dan lissafin ba zai iya haɗa abin da bai gani tare ba. Masu saye sun yi ƙorafi satin farko, daga baya suka saba suna kira da wuri.

Wuri ɗaya ne Kawu ya ƙi bin takardar. Akwai wani dattijo a Mora da suka fara kasuwa tare tun ba su da komai, odarsa ƙarama ce kuma kullum cikin gaggawa, lissafin kullum cewa yake a jira a haɗa shi da motar Kusiri. Kawu ya ce, "Wannan ko buhu goma ya nema a tashi mota, ka rubuta a kaina." Na lissafa masa abin da hakan ke ci a wata na nuna masa, ya duba ya ce ya gani, a ci gaba. Na sa shi a teburin a matsayin sharaɗi, Mora tana samun nata daga Marwa ranar da ta nema, sauran ragar kuma sai ta daidaita kanta a kan haka. Abin da nake kai yanzu shi ne zaren Yagwa zuwa Bongor, akwai masu saye biyu a can ɓangaren Cadi da suke ta kira, ina jiran direban da ya je makon jiya ya dawo ya faɗa min kwana nawa ya yi a duwan, wato wajen kwastan, kafin in rubuta lambar.